Kwana Ɗaya Nake Bin Otel Barci Lafiya

Kwana ɗaya nake bin Otel Barci Lafiya na nan Sabon Gari. Ba dala ba, ba jikka ba, kwana. Ɗaki guda, gado guda, da injin sanyin nan da suke ce wa klim, da kofin shayi da safe. Ran Talata na je karɓa, na dawo da yayana Gado da tabarmarshi da butarshi da wata ƴar takarda. Bari in faɗa maku yadda anka yi, don in na mutu kada magada su ce ba su san da bashin ba.

Kun dai san tun da dimokuraɗiyya ta shigo ƙasar nan, manyanmu, Allah shi ƙara masu lafiyar ƙafa, ba su zama wuri guda. Da can babban mutum biro, watau ofis, yake zaune, in kana neman shi ka san ƙofar da za a kore ka. Yanzu ko korar ba ka samu, sai a ce maka ya tafi misiyo, watau tafiyar aiki. Wata huɗu malaman lakwal, makarantar boko, ba su ga albashi ba. Layin isansi ya taso daga gidan mai ya iso ƙofar gidana, har masu babura sun san sunayen awakina. Amma motar Mai Girma Mushe Babba, Mushe ɗin nan na Faransanci da ake kiran manyan biro da shi, ba ta taɓa jin ƙishirwa ba. Ina za shi? Jiratawa, duba ruwan noman rani. Jiratawar da nake zuwa da ƙafa sarin tumatir, da goyo a bayana, in dawo kafin azahar. Shi kwana uku yake yi. Ni ban ga laifinshi ba, ruwa abu ne mai wuyar dubawa, kana kallon shi yana tafiya.

Mai riƙe wa Mushe Babba jaka ɗan ƙanwata ne, Maman Lawali, a hannuna ya tashi. Shi ya warware mani zancen. Duk kwanan da ma'aikaci ya yi a misiyo gwamnati na biyan shi kuɗin kwana, amma sai ya kai takardar otel wadda anka buga wa tampo, watau hatimi. Jiratawa kuwa babu otel, don haka doka ta yi masu rangwame, su kwana a otel mafi kusa, watau nan Maraɗi, inda gidajensu suke. Sai su je da hantsi, su dubi ruwa, ruwa ya dube su, su biyo ta otel a buga masu tampo. Mushe Babba ya shige gidanshi ta ƙofar baya. Maman Lawali ƙofa ɗaya gidanshi ke da ita, kuma maƙwabcinshi ɗan wata jam'iyya ce daban, in ya gan shi gida ranar misiyo sai gari ya ɗauka. Don haka zaurena yake kwana, ya ci tuwona, a takarda kuwa yana can yana wahala saboda talaka.

Da masu otel sunka ga matafiya sun yawaita, sai sunka shiga ribibin su. Kowane ya buga ɗan kati da suke ce wa kart fidelite. Biron su Maman Lawali anka kafa kwamiti don a zaɓi guda. Kwamiti ya yi sati biyu yana zama, ya cinye raguna huɗu, ya tashi da shawarar a sake zama. Shi ne Maman Lawali ya kwaso katin otel uku ya zube mani bisa tabarma, ya ce Inna ke kin san ciniki, ki duba mana.

Ya yi ta zuba mani Faransanci, wai fidelite na nufin in ka riƙe su amana su ma su riƙe ka. Na ce mashi ya huta, wannan ai gyara ce. Ka sayi gero tiya goma, mai awo ya ƙara maka hannu guda. Ashe mai gorona shekara talatin yana yi mani fidelite, daga ni har shi babu wanda ya sani.

Kati na farko na maki ne. Kowane kwana a ba ka maki ɗari. Na tambaya ina ake aje makin, ya ce cikin wani littafi a Yamai. Na ce maki nawa ke sayen kwana guda, ya ce ya danganta, su ke faɗi kowace shekara. Na ce irin wannan ina da shi da yawa. Jam'iyya uku sunka yi mana alkawarin famfo a unguwar nan lokacin zaɓe, makin na can Yamai yana taruwa, mu kuma muna nan muna sayen ruwan garuwa.

Na biyu na muƙami ne. Ka fara da katin tagulla, ka hau na azurfa, in Allah ya ɗaukaka ka ka kai na zinariya. Na ɗauki na zinariyar na gartsa mashi haƙori, kwali ne. Amfaninshi, in ka shigo mai gadi zai miƙe tsaye ya kira ka da muƙaminka da ƙarfi, kuma a ƙara maka tawul guda. Na ce wa Maman Lawali ya yi wa Allah kada Mushe Babba ya ga wannan, don in ya ji zancen miƙewa tsaye an gama. Da katin na fifita wutar tuwon ranar.

Na uku shi ne na Barci Lafiya. Gida goma anka zana, kowane kwana a buga tampo a gida ɗaya, in sun cika kwana na sha ɗaya kyauta. Wannan ko ni da ban yi lakwal ba yatsuna sun ishe ni. Na ce shi za su ɗauka. Sharaɗina guda, katin Maman Lawali in ya cika nawa ne, tunda zaurena ne otel ɗin gaskiya. Ya yi dariya ya ce Inna me za ki yi da shi. Na ce ya dai kawo.

Cikin kwana takwas gida goma sunka cika. Maƙwabciyata Nasiba mai ƙosai ta ce ita lissafin ya ɓace mata, yaya kwana goma ke shiga cikin takwas. Na ce mata ba ta da kishin ƙasa. Akwai dare biyu da bawan Allahn nan ya kwana Jiratawa kuma ya kwana Tsibiri lokaci guda. Da ma'aikatanmu duk haka suke, da tuni mun wuce Faransa.

Ni ba don kaina nake son kwanan ba. Yayana Gado manomin gero ne a Tsibiri, ya haura saba'in. Da babanmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya sai da sanshi na huɗa ya yi mani kayan ɗaki, bai taɓa tuna mani ba. Sau ɗaya a rayuwarshi ya shiga banki rakiya, klim ya buge shi na ɗan lokaci, yau shekara bakwai yana ba da labarin. Sai na aika mashi ya zo ya kwana cikin sanyin nan har safe. Kuskurena ban ce ya yi shiru ba. Kafin Talata duk Tsibiri ta ji. An yi mashi addu'ar tafiya a masallaci. Abokin wasanshi Ɗan'auta ya rantse gaban mutane cewa ko ƙofa ba za a bari ya wuce ba, da wannan faso na ƙafarshi.

Bayan la'asar munka isa. Gado ya sa babbar rigarshi ta Sallah cikin zafin bazarar nan. Mai kula da otel ɗin, wani dogo mai suna Abdulmutallib, yana ganin katin ya jawo tampo, ya tambaye ni wace rana zai rubuta. Na ce ba takarda na zo karɓa ba, makulli.

"Makullin me, Hajiya?"

"Na ɗaki. Yayana zai kwana."

"Kwana? A nan? Cikin ɗakin?"

Ya dube ni, ya dubi Gado, ya dubi buta. Sai ya ce otel ya cika. Ya buɗe mani babban littafi, ɗaki takwas, baƙi talatin da ɗaya. Ɗaki lamba huɗu kaɗai manya shida ke ciki. Na saurara, ban ji motsin kowa ba sai wata kaza da ke kwanci ƙarƙashin teburinshi. Na sa ya karanto mani muƙamansu, sai ga babban ma'aikatar ruwan famfo a ciki. Na ce alhamdulillahi, shekara guda ina neman bawan Allahn nan, bari in gaishe shi. Na miƙe. Abdulmutallib ya sha gabana yana cewa suna hutawa, na ce gaisuwa ba ta hana hutu.

Tun kafin in kai ƙofar lamba huɗu wari ya tarbe ni. Na tura taga. Jarkokin isansi ne jere tun daga ƙasa har rufi. Na rusuna na ce masu ranku ya daɗe, sannunku da hutawa, ashe nan kuke mu muna layi muna jiran ku. Ɗaki na biyar albasa. Na shida kujerun taro na jam'iyyu uku, an jibge su wuri guda, kuma ban ji suna faɗa ba. Gadaje an sai da su tun shekarar da anka karya darajar kuɗinmu sefa. Klim ɗin akwai shi, gaskiya, kwanson yana nan maƙale a bango, tattabaru sun yi sheƙa ciki.

Abdulmutallib ya rantse mani shekara shida yana aikin nan, babu wanda ya taɓa zuwa da nufin barci. Ya ce in ɗauki jarka guda mu rufa wa juna asiri. Na ce ba mai nake bi ba. Na ce zan shimfiɗa tabarma nan ƙofar lamba huɗu, in aika a faɗa wa masu babura inda manya sunka sauka, su ma su zo gaisuwa. Ina cikin ɗaga murya na waiwaya, sai na ga Gado zaune bakin dandamali, riga ta jiƙe da zufa, buta tsakanin ƙafafunshi. Ya kira ni da sunan da shi kaɗai ya rage mai kira na da shi.

"Safi, to ni me zan ce wa Ɗan'auta?"

Abdulmutallib kuwa ya samu abin da ya iya. Ya koma tebur, ya yago takarda, ya rubuta, ya hura wa tampo iska ya buga har sau biyu. Ya karanta mana: Mushe Gado, ɗaki lamba huɗu, da klim, kwana ɗaya, an biya. Gado ya ce a maimaita. Ya sake cewa a maimaita daga wajen Mushe. Na buɗe baki in ce mu ba ƴan biro ba ne da za a sallame mu da takarda, sai na ga yadda yake naɗe ta a hankali yana sawa cikin hula.

Abdulmutallib ya miƙo hannu wai in ba shi kati, tunda an biya. Na ce wanda ya kwana a takarda an biya shi a takarda, ni mai kati ban ga gado ba. Na ƙulle abina a bakin zane.

Zaurena Gado ya kwana, gefen Maman Lawali, wanda a daren nan yake Tsibiri yana misiyo. Da safe Gado ya hau mota. An ce Ɗan'auta ya kai takardar wajen malamin lakwal ya karanta mashi, ya ga tampo biyu, ya cire hula ya ba da haƙuri. Yanzu Mushe Gado ake ce mashi har a gona.

Jiya ya aiko a saya mashi maganin mura da bargo, wai sanyin otel ya shige shi har ƙashi. Na saya na aika. Kwanana dai yana nan ina bi, kuɗin maganin kuma na ɗora su bisa otel, tunda klim ɗinsu ne ya kama shi.