Abin da Ke Kuka a Ƙofar Alhaji

"Lafiya lau, Amarya. Ke ce dai na ga kin tashi da kokawa da ƙarfe, ko shayi ba ki ba mijinki ba."

Tasnim ba ta ɗago ba. Tana durƙushe a tsakar gidansu na unguwar Sawra a Omdurman, sukuddireba a hannu, tana hararar ƙofar baya ta tsohuwar motarta. Mai maganar kakanta ne, Alhaji Uthman, wanda ya jawo kujera ya miƙe ƙafarsa mai bandeji kamar ya zo kallon wasa.

"Shayin ma ba sukari, Ango. In ka matsa, na sake ka yau."

"Ki sake ni mana. Zawarawan garin Bahri sun yi layi tun daga kubri, gadar Nilu."

"Layin karɓar gadon sandarka."

Ƙofar nan ta ishi Tasnim. Wata uku ke nan, ko ɗan rami ta taka sai a ji caka-caka kamar an ɗaura wa motar kacau-kacau. Sau biyu Muntasir makanike ya ɗaure mata noti ya rantse an gama, ba ta kai gida ba kukan ya dawo. Ga kuma abin da ya fi ƙofa ci mata rai: duk Alhamis tana ɗaukar tsohon har Soba wajen likita, ciwon da ke babban yatsansa ya ƙi warkewa, sugansa ya ƙi sauka. Likita ya faɗa mata a gefe cewa in sati biyu suka wuce a haka, sai dai a yanke yatsan. Sugan ya fi ƙarfinta, ƙofa kuwa ta rantse yau sai ta ga bayanta.

Da ta kwance hannun ƙofar, Alhaji ya gyara zama. Ya ce ai wannan ba aikin mace ba ne. Ta ce ba aikin mai ƙafa ɗaya da rabi ba ne kuma. Ya ce motar ta shekara biyu a lulluɓe lokacin yaƙi, aljanu sun tare a ciki, duk wanda ya buɗe musu ɗaki shi ya sani.

"Aljanun da suka zaɓi gefen da kake zama kaɗai?"

"Sun san malami. Karatu suke ɗauka."

"To yau an tashi makarantar."

Shi dai kullum a baya yake zama, ta dama, wai babban mutum ba ya zama kusa da direba. Tasnim ta daɗe da barin wannan gardama. Amma yau ta lura bakinsa ya yi yawa ko a ma'aunin Alhaji. Ya ce rana ta yi zafi, ta bari sai la'asar. Ya ce yana jin ƙishirwa. Har ya yi alkawarin saya mata sabuwar mota, shi da ko keke bai taɓa mallaka ba.

"Khalas, ya bitti, bar ta haka, 'yata. Ni kukan ma daɗi yake min."

Ta cusa sukuddireba a ƙasan marfin cikin ƙofar, ta ɓamɓaro shi. Wani abu ya zubo mata a kan ƙafa, shaaa, ya watsu a ƙasa. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi. Ƙwallon dabino ne, an tsotse shi tas. Ta zura hannu cikin ƙofar ta kwaso wasu, ta sake kwasowa, har suka cika farantin da ta ajiye don sukurori.

Sai yanzu ta gane. A gida tana caje aljihunsa, in ya jefar ta taga kuma za ta hango ta madubi. Shi ne tsohon yake sauke gilashi, wai yana shan iskar Nilu, yana zura ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya ta tsagar da gilashin ke shigewa. Daga Omdurman zuwa Soba tafiya ce mai nisa, ga cunkoso a gada.

"Aljanun nan," in ji Alhaji yana kallon sama, "ashe dabinon barakawi suke ci. Suna da baki."

Tasnim ba ta yi dariya ba.

"Wata uku ina auna maka tuwon asida da cokali, Kaka. Na hana kowa shigo da sukari gidan nan. Duk ranar da likita ya girgiza kai, ni nake zargi da kaina, ina cewa wani abu nake yi ba daidai ba."

Tun tana ƙarama ba ta kiransa Kaka sai abin ya kai maƙura. Alhaji ya dubi farantin, ya dubi bandejin da ita ke sauya masa safe da yamma.

A hankali ya kai hannu ka, ya warware rawaninsa. Dabino bakwai suka faɗo a cinyarsa daga cikin naɗin. Ya tattara su, ya kamo hannunta mai baƙin mai, ya zuba mata, yana 'yar dariyar wanda aka kama dumu-dumu.

"Ga lefenki, Amarya. Shi ke nan dukiyata, kin cinye ni."

"Saura na cikin hular."

Ya cire hular, biyu suka faɗo. Dariyar da take dannewa ta kufce mata, tana share ido da bayan hannu.

Ta mayar da marfin, ta ɗaure sukurori, ta buga ƙofar. Shiru. Alhaji ya daɗe yana kallon kujerarsa ta baya, sannan ya fara naɗa rawaninsa.

"Ran Alhamis," ya ce, "a gaba zan zauna."