Yadda Za Ka Zama Gwanin Allon Ƙanƙara Ba Tare da Ka Taka Ƙanƙara Ba

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda aka jera su, ina ba ka tabbacin kafin shekara ta zagayo za a riƙa kiranka gwanin sulu a kan dusar ƙanƙara tun daga Lyon har Paris, kuma ko safarka ba za ta jiƙe ba. An gwada hanyar a kan Kamalu, mutumin Tasawa, mai aikin bincike a Bron, wanda da sanyi ya shigo wando biyu yake sawa ya je sayen burodi. Abu ɗaya Kamalu yake nema a duniya: Alhaji Ilya na Clichy-sous-Bois ya ba shi auren 'yarsa Ruwaida.

Mataki na 1: Zaɓi watan da za ka yi ƙaryar

Kada ka ce ka iya hawan allon ƙanƙara a watan Janairu. Nan take za a ce ka shiga mota a tafi duwatsu. Jira Afrilu, lokacin da ƙanƙara ta narke kowa ya jingine allonsa.

Kamalu a Afrilu ya yi tasa. Ruwaida ta haɗa shi da yayanta Rayan, haifaffen Faransa, bayan ta ja masa kunne cewa Alhaji ba ya yanke magana sai ya ji ta bakin ɗansa. Rayan ya ɗauko hirar ƙwallo, Kamalu bai san kowa ba. Ya ɗauko ta motoci, nan ma shiru. Da hira ta mutu Rayan ya koma latsa waya, sai Kamalu ya hango hoton Rayan a wayar, bisa allon ƙanƙara yana shawagi a sama. Tsoro ya kama shi, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ni ma ina ɗan taɓawa," in ji shi.

"Sérieux? Da gaske? A ina ka koya?"

"Can gida, bisa rairayi. Ai duk ɗaya ne, launi ne kawai ya bambanta."

Tudu ɗaya Kamalu ya taɓa gangarowa da gudu a rayuwarsa, na bayan makarantarsu, shi ma akuya ce ta biyo shi.

Mataki na 2: Sayi allon da ya sha wuya

Sabon allo tona asiri yake. Nemi na hannu, mai ƙarzuwa ko'ina, domin kowane tabo labari ne da wani ya sha wahalarsa ya bar maka kyauta. Kamalu ya samu nasa wurin wani bature da ya fito miƙa masa yana dogara sanda. Kada ka tambayi irin wannan mutum dalilin da ya sa yake sayarwa.

Dawo da shi gida a taram, jirgin ƙasan cikin gari, da rana tsaka, ka tsaya kusa da ƙofa yadda duk mai shiga sai ya ba ka hanya. A gida ka shirya wa 'yan hassada. Adoum, ɗan Cadi da suke zaune tare, ya dubi allon sama da ƙasa ya ce, "Malam Kamalu, ƙofar wane gida ka ɓallo?"

Mataki na 3: Gane ƙafarka, sannan ka ƙi yarda

Kafin a ɗaura wa allo maɗaurin ƙafa sai an san ƙafar da za ta shiga gaba. Masana sun ce ka tsaya cak, wani ya hankaɗa ka ta baya ba zato; ƙafar da ta fara tarar ƙasa ita ce jagora. Adoum ya karɓi aikin nan da farin cikin da ya wuce ƙima.

Ya hankaɗa, hagu ta fita. Ya sake, hagu. Ya bari sai da Kamalu ya ɗauko kofin shayi ya ƙara, hagu dai.

"Hagu ce," in ji Adoum.

"Ina! Da hagu ban-ɗaki ake shiga. Ni in hau dutsen Allah da ƙafar ban-ɗaki? Mi tsohuwata za ta ce?"

Ya ɗauko turnabis, abin murɗa sukurori, ya ɗaure maɗaurin yadda dama za ta yi gaba. Kai ma ka yi haka. Gwani na gaskiya ba ya bari jikinsa ya gaya masa abin da zai yi.

Mataki na 4: Yi amfani da rani

Rani abokinka ne, babu wanda zai ce ka nuna. Amma gwanaye ba sa zama, sukan koma kan allo mai taya don kada ƙafa ta manta. Kamalu ya ari ɗaya ya kai shi filin ajiye motoci. Ya ɗora dama a gaba, allon ya tafi, shi bai tafi ba. Wata tsohuwa mai jan kare ta tambaye shi ko ta kira masa motar asibiti.

Daga ranar ya gane taya ba ta da amana. Ya koma ɗaki, ya shimfiɗa allon ƙanƙararsa a kan darduma, ya ɗaure ƙafafu, ya kunna bidiyon gwanaye yana kwaikwayo. Gwiwa a lanƙwashe, gindi ƙasa-ƙasa, baya a miƙe, hannuwa a ware, ido a gaba. A haka yake cin abinci, a haka yake amsa wayar Ruwaida. Kafin rani ya fita cinyoyinsa sun zama kamar taɓarya, allon kuwa ko taki ɗaya bai gusa daga dardumar ba.

Mataki na 5: Shafa wa allo kaki

A watan Oktoba aka sa ranar da Kamalu zai je gaida Alhaji. Ana gobe tafiya Rayan ya turo saƙo: "Mon frère, ka shirya allonka? Turo hoto in gani."

Shirya allo ba wuya. A kifa shi, a narka kaki da dutsen guga yana ɗiga a cikinsa, a baje, a bari ya huce, a kankare, a goge da buroshi. Masu shago za su ce ka sayi dutsen guga na musamman, wai na tufafi yana da ramukan tururi da kaki ke maƙalewa a ciki. Kasuwarsu suke ci. Ɗauki na Adoum, ka gama, ka share masa fuska da tsumma, ka mayar inda yake. Abin da ido bai gani a rami ba, babu shi.

Kamalu ya tura hoton. Rayan ya turo alamar babban yatsa a ɗage.

Mataki na 6: Goge shaddarka

Da dutsen nan dai. Wane kuma kake da shi?

Kamalu ya goge gaban rigar lafiya lau. Da ya zo baya, wajen mazauni, ya ga wani wuri da ya yamutse ya yi taurin kai, ya danna masa tururi har sai da ya kwanta. Wurin ya ɗauki wani irin ƙyalli da santsi. Ya shafa ya ce lallai telan Maraɗi bai cuce shi ba, shaddar ta gaske ce. Adoum ya sunsuna iska, ya dubi dutsensa, ya dubi rigar, ya yi masa fatan a sauka lafiya.

Mataki na 7: Gaida suruki

Kamalu ya shiga falon Alhaji Ilya da ƙafar dama. Alhaji mutum ne da ya gaji da samarin ƙasar nan masu miƙo masa hannu a tsaye kamar sun zo karɓar saƙo. Kujerunsa kuma har yau suna cikin ledar da aka sayo su da ita.

"Zauna, yaro," in ji Alhaji, ya nuna kujerar da ke kusa da tasa.

Kamalu ya zauna. Kaki ya gamu da leda. Abin da bai taɓa yi a kan allo ba ya yi shi a nan: ya sulale sumul, ba ƙara ba tangarɗa, ya dira gaban Alhaji a tsugune. Gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, hagu a gaba.

"A'a, hau kujera mana."

Ya hau. Ya sake sulalowa.

Alhaji ya cire tabarau ya dube shi da kyau. Sannan ya fara gaisuwa, irin wadda ya yi shekaru bai samu mai ɗaukarta ba. Ya tambayi mutanen Tasawa gida-gida, ya tambayi damina da gero, ya tambayi waɗanda suka rasu tun Kamalu bai san kansa ba. Kamalu yana tsugune yana amsawa, cinya ko rawa ba ta yi ba.

"Rayan, dubi nan," in ji Alhaji, muryarsa har ta ɗan karye. "Sau biyu ina ba shi kujera yana ƙi. Kai ko minti ɗaya ba ka iyawa. Yaro, ka ce wa manyanka su zo. Na ba ka."

Daɗi ya rufe Kamalu har ya ji hawaye na neman zubowa. A bakin ƙofa Rayan ya dafa kafaɗarsa, ya sunsuni rigar, ya rage murya.

"Kakin allo ne wannan. Kuma da hagu ka dira, alhali a hoto dama ka ɗaura gaba. Ba ka taɓa hawa ba, ko?"

Kamalu ya waiwaya wajen falo. Rayan ya sake dafa shi.

"Tranquille, kwantar da hankalinka, Baba ba zai ji ba. Amma Ruwaida duk rani tana yi wa ƙawayenta kurin mijinta gwani ne. Na kama mana ɗaki a duwatsu, Fabrairu, mu duka da ƙawayen. Ka ce ka iya, to ƙanwata ba za ta ji kunya ba. Ka juya maɗaurin nan kafin lokacin."

Mataki na 8: Fabrairu

Wannan darasi bai shafi Fabrairu ba.

Sanarwa

Mun yi alkawarin za a kira ka gwani, an kuwa kira ka. Ba mu ce za a tsaya nan ba. Babu ruwanmu da karaya, targaɗe, dutsen gugan maƙwabci, ko shaddar da wanki ya kasa. Wanda ya samu mata ta wannan hanya ya riƙe abarsa, kada ya dawo mana da ƙorafi. Mai neman ƙarin bayani ya je Bron ya tambayi Kamalu. Zai same shi durƙushe kan darduma da turnabis a hannu, yana mayar da ƙafar ban-ɗaki gaba, yana roƙon Allah ya sa bana kada ƙanƙara ta sauka.