Ranar da na wanke aikin shekara huɗu da ruwan gishiri

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranakun duniya. Ni mace ce da aka shaida da haƙuri da rashin shisshigi. A unguwarmu idan mata suka kaure da faɗa, cewa ake yi a kira Inna ta zauna a tsakiyarsu, shirunta kaɗai zai raba su. To mai wannan kyakkyawar shaida ce ta hau jirgi, ta je ƙasar mutane, ta yi ɓarnar da awaki bakwai ba za su yi a gonar wake ba.

Autata Bilkisu tana aiki a Doha. Ilimin noma ta karanta, aka ɗauke ta a wata gona da ke bayan gari. Kada ku ɗauka gona ce irin tamu. Rumfuna ne na gilashi masu na'urar sanyi, kana fitowa daga zafin da zai dafa ƙwai a waje ka shiga, sai ka nemi mayafi. Na je musu ziyarar wata uku a unguwar Mu'aither, ita da mijinta da jikokina biyu.

Abin da take nomawa sunansa rasberi. Kafin zuwana ban taɓa ganinsa ba. Ɗan mitsitsin abu ne, bai wuce kan babban yatsa ba, ja wur, kamar an tara ƙananan duwatsun murjani an manne su, cikinsa kuma rami kamar 'yar hula. Ɗanɗanonsa tsakanin zaƙi da tsami, irin zoɓon da aka yi wa rowar sukari. Itacensa wasu dogayen tsumagu ne masu ƙaya, waɗanda da a gonar marigayi maigidana na gan su da tuni na sa musu fartanya.

Wata rana ina tuƙa tuwo tana yanka kuɓewa, ta yi mini bayanin aikin nata.

"Inna, shi wannan ɗan ƙasar sanyi ne, zafi kashe shi yake yi. Ni kuma so nake in fitar da irin da zai zauna a nan."

"Ke za ki halitta shi?"

Ta yi dariya. "A'a, haɗawa nake yi. Akwai wani iri mai jure zafi, amma 'ya'yansa ƙanana ne, ga tsami. Akwai wani mai manyan 'ya'ya masu zaƙi, amma rana na leƙowa sai ya langaɓe. Sai in ɗebo garin furen wannan da ɗan burushi in shafa wa furen wancan, in rufe da jakar takarda kada ƙudan zuma ya kawo na wani. In ya yi 'ya'ya in cire ƙwayar, in sa a yashi mai laima, in ajiye a firji watanni. Sai ya ji sanyi yake yarda ya tsiro."

Na ce, "Ikon Allah. A garin nan iri ma ɗan gata ne."

Ta ce duk ƙwayar da ta tsiro da halinta take fitowa. "Kamar 'ya'yanki, Inna. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma Yaya Sani da Yaya Habu ba a haɗa su a mota ɗaya." Shekara huɗu tana tsirarwa tana zubarwa, mai yawan ƙaya a tuge, mai tsami a tuge, mai baƙi bayan kwana ɗaya a tuge, har suka rage guda goma sha biyu. A cikinsu akwai wadda take kira 'yar lelenta: doguwa, ja mai haske, ƙayarta kaɗan, jikinta da ƙwari.

(Duk wannan ta faɗa mini. Ba zan ɗora mata laifi ba. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, hankalina na kan tuwon kada ya yi gudaji.)

Sai ga ranar hukunci. Shugaban gonar, wanda suke kira mudir, ya gayyato manyan masu dafa abinci na otal-otal ɗin unguwar West Bay su zo su ɗanɗana. In sun zaɓi ɗaya, aikin ya ci gaba. In ba su zaɓa ba, za a tuge rasberi gaba ɗaya a shuka kokwamba, Bilkisu kuma ba za a sabunta mata kwantiragi ba. Kwana uku yarinyar nan ba ta ci abin kirki ba. Ni ce na ce ta tafi da ni in taya ta da addu'a. Ku lura da kyau, addu'a na ce.

Muka isa da hantsi. Aka kai ni wani ɗaki mai dogon tebur da farin ƙyalle. Wata abokiyar aikinta, Rifkatu, 'yar wajen Kafanchan, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta mai daɗi, sannan ta ci gaba da jera wasu 'yan farantai irin na ƙarƙashin kofin shayi. Goma sha biyu ne, kowanne da rasberi bai fi cikin tafin hannu ba, kowanne da ɗan kati mai lamba a gabansa.

"Mama, kin gan su? Yanzu aka tsinko. Ko ruwa bai taɓa su ba."

Da alfahari ta faɗa. Ni kuwa na ƙura wa farantan ido.

Aka ce baƙi sun iso ƙofa, za a fara zagayawa da su rumfuna. Bilkisu ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Inna, ki zauna nan ki huta. Don Allah kada ki wahalar da kanki da komai."

Na zauna. Wallahi na zauna, har na ja carbi ya kai rabi. Amma idona ya ƙi barin teburin nan. Na ce a raina, yanzu manyan mutane za su taso daga waɗancan dogayen gine-gine, 'yata ta ajiye musu abinci ɗan tsit-tsit a faranti kamar maganin asibiti? Kuma ba a wanke ba? Ai ba ita za a zaga ba, uwar da ta raine ta za a tambaya. A gidanmu baƙo ko gyaɗa za a ba shi, a tire ake tulo ta, ya ci ya bari. Na ce yarinya ce, ruɗewa ta yi, abin da ya sa Allah ya kawo ni ke nan.

Akwai ɗan kicin a gefe. Na sami roba, na sami babban tire, har gishiri na samu, na ce ka ga alamar sa'a. Na juye farantan nan ɗaya bayan ɗaya a roba guda. Na zuba ruwa, na barbaɗa gishiri, na sa hannu na cuɗa yadda nake wa tumatur da yalo. Ruwan ya koma ja kamar zoɓo. Na girgiza kai na ce, "Dubi dattin da za a ba mutane." Na tsiyaye na sake. Na kuma sakewa, don uwata ta koya mini ruwa uku ake yi wa abin da za a ci ɗanye.

A ruwa na uku na lura yawancinsu sun zama kamar markaɗe. Ban damu ba. Na shimfiɗa markaɗen a ƙasan tire, na tsince waɗanda suka tsira da jikinsu na jera a sama, yadda duk mai tallar kirki take yi. Farantan na wanke na kife.

Saura katunan. A nan ne karatuna ya yi rana. Ni sai da na aurar da 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma a lissafi ba a taɓa wuce ni ba. Na ga an watsa lambobin ba tsari, tara kusa da biyu, bakwai kusa da goma sha ɗaya. Na tattara su na jera daga ɗaya zuwa goma sha biyu, ba kuskure ko ɗaya, na ajiye a gefen tire. Da malamarmu ta gani da ta sa an tafa mini. Na koma kujerata na ci gaba da jan carbi, zuciyata fes.

Ƙofa ta buɗe. Mudir ne a gaba da farar jallabiya, masu dafa abinci uku a bayansa, sai Bilkisu da Rifkatu. Suna hira suna dariya. Dariyar ta mutu a bakin ƙofa.

Rifkatu ta dafe kai. "Wayyo Yesu!"

Bilkisu ta dubi tire, ta dubi katuna, ta dube ni. "Inna, ina farantan?"

"Na wanke, suna can a kife. Ku bismillah mana, ki ce musu su zauna."

Mudir ya yi wata magana da Larabci, abin da na tsinta kawai shi ne "khalas", wato shi ke nan. Rifkatu ta matso ta raɗa mini cewa kowane faranti iri ne daban, lambar ce kaɗai ke nuna wane ne wane, an hargitsa su ne da gangan don kada baƙi su san na gaba da na baya. Ba a wanke shi kuma sai za a kai baki, shi ma a hankali, don ruwa narkar da shi yake yi. A lokacin ne maganar goma sha biyun nan ta ranar tuwo ta dawo mini, ta zauna daram a ƙirjina.

Na so a ce Bilkisu ta yi mini tsawa. Ba ta yi ba. Idonta ya kawo ruwa, ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Inna." Na sha zagi a duniya, ban taɓa jin wanda ya yi zafin wannan sannun ba. Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar kuma tayil ce.

Ana cikin wannan tsayuwar gawa, ɗaya daga cikin baƙin, wani mai ƙiba da furfura a gemu, ya matso ya ɗauki ɗaya daga saman tire. Ya juya ta, ya ɗan matsa, ya jefa a baki. Ya yamutsa fuska saboda gishiri, ya kuma ɗaukar wata. Ya yi tambaya da Turanci, Rifkatu ta juya mini.

"Mama, wai sau nawa kika wanke?"

Na rufe rabin fuskata da mayafi. "Uku."

"Wai da hannu?"

"Da hannu. Da gishiri."

Mutumin nan ya fashe da dariya har yana riƙe tebur. Ya ce a kicin ɗinsa rasberi in ka harare shi ma fashewa yake yi, to wane ne wannan da ya sha wankin tsumma har sau uku ya fito da jikinsa? Bilkisu ta share ido ta duba na saman nan. Kusan dukansu dogaye ne, ja mai haske. Ta ce lamba bakwai ce, 'yar lelenta.

Mudir bai yarda ba. Ya ce kowace uwa nata ne mai kyau, kuma katunan da aka jera a gefe ba su shaidi komai ba. (Nan ma na ƙara nutsewa.) Ya ce ran Alhamis wasu za su nuna. A tsinko, a ware kowanne da robarsa, a dawo da matar nan da gishirinta ta yi yadda ta yi.

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Surukina, bawan Allah mai kunya, duk lokacin da muka haɗu a falo sai ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa, ya ce tari ne. Na ce wa Bilkisu ta yafe mini. Ta ce, "Inna, ni yanzu addu'ata ɗaya, kada ki tausaya musu ran Alhamis. Ki cuɗa da gaske."

Ran Alhamis aka sa mini farar riga irin ta likitoci da safar hannu. Robobi goma sha biyu a jere, maza a tsaye sun ɗaga wayoyi. Mudir ya ce, "Yalla, Mama," wato in fara. Ni da na haifi bakwai, na yi jika, na tsaya a gaban jama'a ina maimaita abin kunyata sau goma sha biyu, kowanne da ruwa uku. Ta ɗaya ta narke. Ta biyu ta narke. Ta tara ta ɗan yi ƙoƙari. Da na zo ta bakwai hannuna ya so ya yi sanyi, na tuna maganar Bilkisu, na rufe ido na cuɗa kamar ina wankin kayan makaranta. Na tsiyaye. Ga su nan ƙyam, suna sheƙi, biyu kacal suka fashe.

Mai furfurar nan ya ɗauraye ɗaya da ruwan daɗi ya ci, ya ɗaga babban yatsa. Ba a shuka kokwamba ba. Bilkisu tana nan a wurin aikinta, lamba bakwai ta cika rumfa guda, Rifkatu kuma har yau in ta kira ni a waya "Injiniya" take ce mini.

Wasu sun ce ai alheri ne ya zo ta hannuna. Ni na san abin da na yi. Da 'yar lelen nan ba ta da ƙwari, da yanzu ina zaune da autata a gida muna kallon juna. A yaƙi da jahilci an koya mini karanta lamba, ba a koya mini in tambayi wanda ya ajiye ta ba, wannan sai da na je Doha. Yanzu ko takalma na gani a warwatse a ƙofar masallaci, tsallakewa nake yi. In an ce mini zauna ki huta kuwa, a kan hannuwana nake zama. Jikokina dai ba su yarda na tuba ba. Duk zuwan da na yi Doha, ina shiga kicin ƙaramin zai ruga wajen uwarsa yana ihu, "Mami, ɓoye gishiri, ga Inna nan!"