Fitilar Ranka-ya-daɗe da Jemagun Bagudo

"Inna, shi Ranka-ya-daɗe jemagu yake nema?"

Tambayar da 'Yar Baba ta yi mini ke nan ranar Lahadi bayan magariba, miyar kuɓewa na bin ƙafarta, ni kuwa ina lalube jikinta ina neman inda ya karye. Babu inda ya karye, alhamdu lillahi. Kwanon ne ya riga mu gidan gaskiya. Na aike ta ta kai wa Iya Dela tuwo a tsallaken hanya, yadda kowace uwa a garin nan ke aiken ɗanta in an idar da salla, sai babur ya shafi kwanon daga hannunta ya wuce. Mai shi bai ko san ya yi ba. Ina zai sani? Fitilarsa na can kan mangwaro tana ƙirga jemagu.

Jama'a, babur ɗaya ke gare mu a Bagudo, kuma kun san na wa. Sunansa ya fi ƙarfin bakina, aikinsa kuma ya fi ƙarfin karatuna na yaƙi da jahilci. Abin da na sani, da safe yakan nufi iyakar Dahomi, ya ce zai je dubawa, da almuru ya dawo ya dubo. Kuma in za a faɗi gaskiya a yaba masa. Lokacin zaɓe an yi mana alkawarin haske a kowace unguwa, ga shi an fara cikawa. Daga sama aka soma, in an gama da jemagu za a sauko kanmu.

Sai dai ni ɗiyata ba ta kai tsawon turmi biyu ba, kuma a ƙasa take tafiya.

Babanta na fadamar Kaoje yana korar tsuntsaye daga shinkafa, don haka washegari na yafa mayafi, na ja Iya Dela ta yi mini rakiya wurin Hamani mai gyaran keke, inda Ranka-ya-daɗe kan tsaya a ƙara masa iska. Iya Dela, ga wanda bai san ta ba, Allah ya yi mata jiki. In ta shiga kwalekwale sai mai fito ya roƙi mutum biyu su jira sahu na gaba.

Na durƙusa na kwashi gaisuwa. Ban ambaci kwano ba, talaka ba ya fara magana da asararsa. Na ce dai muna jin takaicin yadda hasken gwamnati ke ƙarewa a kan itace, alhali ga ramukan hanya na jiran rabonsu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce fitilar nan a Ingila aka saita ta, kuma tun da muka karɓi mulkin kai ba a san mu da sunkuyar da kai ba. Yaran da ke yawo a hanya kuwa, laifin iyayensu mata ne. Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Don ya kunyata ni gaban mutane, ya ce a gwada. Hamani ya tura babur 'yan taku baya ya fuskantar da shi jikin katangar gidansa. Ya auna tsayin fitila da kara, ya je ya ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayi. Ya ce in haske ya tsaya ƙasa da layi kaɗan, lafiya lau, in ya haye sama, idon mutane yake kashewa, hanya kuma na cikin duhu. Duhu ya soma shiga, Ranka-ya-daɗe ya hau, ya buga, ya kunna.

Haske ya kwanta ƙarƙashin layi, lumui, kamar ɗan makaranta gaban malam.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranka-ya-daɗe ya gyara zaman hula ya shiga wa'azi a kan matan zamani da ba su da aiki sai ƙage. Wa'azin ya yi tsawo. Iya Dela ta gaji da tsayuwa, gwiwoyinta ba na jiya ba ne, ta duba babu kujera, sai ta ɗora kanta a mazaunin baya.

Gindin babur ya nutse. Haske ya bar layi, ya bar katanga, ya haye mangwaron Hamani. Jemagu suka watse.

Kowa a wurin ya san abin da kan zauna a inda Iya Dela ta zauna. Buhun shinkafa ne wata rana, wata rana ƙullin busasshen kifi da gishirin Dahomi, da turmin atamfa a sama don kada ƙura ta taɓa kifin. Gaisuwa ce, ba wani abu ba. Mutanen iyaka akwai ladabi. Babu wanda ya zarge shi, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ni ba na ɗaukar komai sai takardun gwamnati," in ji Ranka-ya-daɗe.

"Allah shi ba ka nasara," in ji Iya Dela, ba ta ko motsa ba, "takardun ga, sun kai ni nauyi?"

Ya duba mangwaro, ya duba jama'a. Can ya ce, a ƙiyasi, za su yi kusa.

To, a kan haka aka daidaita. Iya Dela ta zauna daram a madadin takardu. Hamani ya sassauta notin da ke gefe da gefen fitila, ya danna kanta ƙasa a hankali har haske ya sauko ƙarƙashin gawayi, ya ɗaure tamau. Ranka-ya-daɗe ya sanar da cewa dama gyaran na cikin tsarinsa na bana. Muka yi godiya. Kwano dai ba a tashe shi ba.

Mako guda muka yi cikin daula. Fitila na haska hanya, babur na kauce wa awaki, 'Yar Baba ta kai tuwo ta dawo da kwano. Har na fara tunanin mulkin kan nan da gaske ne.

Sai aka fara yankan shinkafa. Takardu suka ƙaru. Daren jiya haske na kan rufin ɗakuna, yau na ga ya taɓa reshen farko. Ido ba mudu ba, ya san kima: matan unguwarmu kan leƙo ta katanga su ce yau Dela ɗaya da rabi ce, Allah ya sa albarka. Na koma wurin Hamani, ya ce fitila ta kai iyakar sunkuyawarta, in ya ƙara dannawa sai ta haska taya. Abin da ya rage a rage takardu, wannan kuwa babu sifanar da ke kwance shi.

Yanzu ni ke kai tuwon da kaina, 'Yar Baba na riƙe da gefen zanena.

Saboda haka, ke mai ɗa, da kai mai akuya, ku ji da kyau. In magariba ta yi kuka hangi haske a ƙasa, kasuwa ba ta yi kyau ba, ku tsallaka a hankali. In kuwa kuka ga jemagu sun tashi, ku janye 'ya'yanku ku rufe zaure. Gwamnati ce ke dawowa daga aiki, kuma ba ta ganin ƙasa.