Ranar da Wayata ta Nema Mini Aure

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, ko da zan manta sunan unguwarmu. Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Aliero ba, kaina ya kumbura, ina tafiya da jakar laftof ko da kuwa kasuwar albasa za ni. Sai Allah ya haɗa ni da aiki a wata makarantar Islamiyya da boko a Jega Firchin, ta wani dattijon malami, Malam Garba. An sayo musu kwamfutoci da firinta, ana son wanda zai haɗa su.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. 'Yar Malam ta fari, Hafsatu, tana koyarwa a makarantar, kuma mun ɗan jima muna fahimtar juna. Ban tura manya ba tukuna. Kawuna yana Mungadi, kullum ina cewa sai bayan girbi (girbi ya zo ya wuce, ni dai tsoro ne ya hana ni). Shirina shi ne in burge Malam da aiki, ya ga ni yaron kirki ne mai nutsuwa, sannan a zo maganar.

Matsalar makarantar ƙarama ce. Duk na'urar da ta hau waifai, akwai wani tsari, DHCP, da ke ba ta lamba. To lambar firinta takan canza, malamai su yi ta aika takarda ba ta fita. Sai na saita DHCP ɗin ya riƙa tambayar kowace na'ura sunanta, ya miƙa sunan da lambar ga DNS, wato mai riƙe sunaye. Daga nan ba ruwan kowa da lamba, ka rubuta "firintar-ofis" kawai aiki ya tafi. Da ya yi aiki, sai da na taka rawa ni kaɗai a ɗakin. Don ƙarin burga, na haɗa shafi mai nuna sunayen da suka shigo, yana sabunta kansa.

Ranar gwaji aka tara malamai, aka kunna majigi a bango. Malam yana gaba a kan kujera, Hafsatu tana baya cikin malamai mata. Na gyara hula, na ce kowa ya hau waifai.

"Allah ya gafarta Malam," na ce, ina buɗe hannu kamar mai wa'azi, "daga yau ba na'urar da za ta shigo makarantar nan ta ɓoye sunanta."

Da bakina na faɗa, ba wanda ya tambaye ni.

Sunaye suka fara fitowa. Abin ya yi wa Malam daɗi, ya gyara tabarau ya soma karantawa da ƙarfi: firintar ofis, kwamfutar hedimasta, wayar Malam Bello. Da ya zo kan "Hafsatu" sai ya ɗan yi gyaran murya. Kun san dattawanmu da kunyar ɗan fari, tunda aka haife ta ba a taɓa jin sunan a bakinsa ba. "Wagga ta yarinyag ga ta," ya ce, ya wuce.

Layi na gaba ya fito da manyan baƙaƙe, faɗin bango: "Angon-Hafsatu".

Wayata ce. Watanni da suka wuce, wata rana da soyayya ta taso mini, na canza mata suna na manta. Tana cikin aljihuna ta hau waifai da kanta, DHCP ya tambaye ta suna, ita kuma sarkin gaskiya ta faɗa.

"Angon..." in ji Malam. Ya tsaya. Ba zai iya ƙarasawa ba, kuma ba zai iya tsallakewa ba. Na hango Hafsatu ta ja hijabi har kan hanci. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini har safa.

"Wanga na wa na?" ya tambaya a hankali.

Mai hankali da ya yi shiru, don ba wanda ya san wayar wa ce. Ni kuwa injiniya ne. Na zame bayan tebur, na zaro wayar, na yi maza na canza sunan, na kashe waifai na kunna. Na manta cewa aikin da na yi mai kyau ne. DHCP ya gane wayar, ya mayar mata da lambarta, ya sanar da DNS sabon suna. A gaban kowa, a daidai wannan layin, "Angon-Hafsatu" ya goge, wani ya maye gurbinsa: "Ba-ni-ba-ne".

(Har yau ban san me ya sa na rubuta haka ba. Abin da zuciyata ke ihu da shi ke nan, yatsuna suka kwafa.)

Kowa ya juyo. Ni kaɗai ne a tsugune da waya a hannu. Malam Bello ya fara fashewa, hedimasta ya bi, har wani ya fita waje yana riƙe da ciki. Na so ƙasa ta buɗe in shige da laftof ɗina.

Malam bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya dube ni.

"Aikinka ya yi kyau, yaro. Ka ce na'ura ba ta ɓoye suna, kuma mun gani." Ya miƙe. "Amma mu nan ba a aiko muna na'ura neman aure. Kana da manya?"

"Akwai kawuna a Mungadi, Allah ya gafarta Malam."

"To shi taho da ƙahwahunai."

A ranar na hau mashin zuwa Mungadi, ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu, har mai mashin ya tambaye ni ko lafiya.

Yanzu kafin in haɗa wa kowa irin wannan tsari, nakan ce kowa ya fara duba sunan wayarsa, ni ne kuma na farko. Hafsatu kuwa, ta ajiye lambata a wayarta da sunan da ta ga ya dace. Duk lokacin da na kira ta daga kasuwa in tambayi abin da za a sayo na cefane, abin da ke fitowa a fuskar wayarta shi ne "Ba ni ba ne".