Kofin Barewa Zai Koma Jami'a

"Lafiya lau, Amarya. Yajin ya ƙare ke nan?"

Tsohon yana zaune a falo da tsumma a hannu, yana goge kofinsa na azurfa. A zamaninsa Barewa ake ce masa a jami'a, don shi ya lashe tseren dogon zango sau uku a jere, kuma ƙa'idar lokacin ita ce duk wanda ya yi haka, kofi ya zama nasa. Yanzu gwiwa ta ƙi, abokan gudun sun riga mu gidan gaskiya, saura kofin. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi labarinsa, shi kuwa tsohon ba abin da yake so a duniya kamar wannan tambayar.

Jikarsa, wadda ita ce kyaftin ɗin 'yan tsere mata a jami'ar yanzu, ta zube a kujera.

"Wane yaji? Mijin da ko rakiya zuwa ƙofa ba ya iyawa, ai kotu zan kai shi. Aiko ni aka yi, Angona."

"Wa ya isa ya aiki matata?"

"Kocinmu. Za a buɗe ɗakin tarihin wasanni. Kofunan ƙwallon ƙafa, na kwando, na ninƙaya, duk an jera su cikin gilashi. Gurbi ɗaya ya rage, kuma na bugi ƙirji a gaban 'yan ƙungiya na ce zan kawo naka."

Tsohon ya rungume kofin kamar za a ƙwace masa jariri.

"Ku ci naku mana! Kuna gudu da takalmin soso, taku biyu ku tsaya shan ruwan gora. Ni ranar da na ci tseren karo na uku, sai da na je ɗaki na yi wanka, na canza riga, kafin na biyu ya iso."

"Kaka ta ce kare ne ya biyo ka."

"To, ya kama ni? Ai shi ya zo na biyu."

"Allah ya shirye ka, tsoho! Kai da tashi daga kujera sai ka yi bismilla uku."

"Ɗumama jiki nake yi, yarinya. Ba a koya muku ba?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta miƙa hannu. Bai ba ta ba. Ya dubi fuskarsa a jikin azurfar, duk ta lanƙwashe, sai ya ji tsoro na gaske ya kama shi.

"Amarya, in kin tafi da shi, wa zai ƙara tambayata?"

Ta gyara zama.

"Yanzu su wa ke tambayar taka? Mai gyaran famfo da mai duba mita. Shi mai mitar ya haddace labarin, yana hango ka yake zura da gudu, wallahi ya fi ka sauri. Can kuwa duk sabbin ɗalibai sai an zagaya da su ɗakin, kowace shekara. Koci ya ce mai kofi ne zai ba da labarinsa."

"In na ƙi fa?"

"Sai in bayar da kaina, yadda Kaka ta faɗa min."

"Ba ki isa ba! Ki zubar min da mutunci a gaban jami'a guda?"

Ya naɗe kofin a tsumman a hankali, ya shafa shi, ya ɗora mata a cinya.

"Ungo, ja'ira. Amma ki gaya wa kocin naku a ajiye min kujera kusa da kofin."

"Kujera kuma? Ai cikin gilashin za mu saka ka, tare da sauran kayan tarihi."

Tsohon ya tuntsire da dariya har hularsa ta zame.

"Na yarda. A dai bar min ƙofar a buɗe, ina fita salla."