Hotona na Legas

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka gayyace ni yanka ƙyallen buɗe baje kolin hotuna a nan Jalingo ba. Da ƙafata na je, da babbar rigata, har da turare.

Bari in fara da hoton da ke falona. Shekara ashirin da bakwai yana rataye saman talabijin: ni ne ina saurayi, cikin kwat da laktaye, jakar ma'aikata a hammata, bayana jirgin sama. Duk baƙon da ya tambaya sai in gyara zama in ce, “A filin jirgin Legas ne, lokacin da aka tura ni kwas.” Wannan hoton na aika wa Dija lokacin da nake nemanta, don akwai wani malamin makaranta mai babur da ya tsaya mini a wuya. Na ga babur ba zai kara da jirgi ba. Kuma bai kara ɗin ba, ni na aure ta.

Gaskiyar magana, a lokacin iyakar tafiyata Lau ce, ita ma a bayan a-kori-kura. A bakin kasuwa aka ɗauki hoton, wajen Baba Bitrus Mai Hoto. Yana da wani ƙyalle mai zanen jirgi, da kwat guda ɗaya tal da yake ara wa kowa. Idan ya wanke hoton sai ya yanke shi daga ƙugu, shi ke nan ka zama ɗan Legas. (Na sha ba da labarin kwas ɗin nan har ni kaina na fara tuna irin abincin da aka ba mu a jirgi.)

To, bara sai 'yar Baba Bitrus, Rahila, ta tono fina-finan hotunansa a wata tsohuwar akwati a gidansu na Kona. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar Jalingo ba wanda ya taɓa ce masa sannu, sai ga shi an kama zauren taro don a nuna aikinsa na farko. Da yake na zama mataimakin darakta a ofishinmu, aka ce ni ne babban baƙo. Ko gezau ban yi ba. Na ce mutum dubu nawa tsohon nan ya ɗauka? Ina zai tuna da ni? Har Dija na ce ta shirya mu tafi, ta ga yadda ake girmama mijinta.

Na yanka ƙyalle, aka tafa. Maimakon in koma kujerata in sha lemo, sai na shige gaba ina yi wa jama'a bayani, kamar ni na koya wa Baba sana'ar. Hotunan kuwa sun yi kyau ƙwarai. Ga mata 'yan Mumuye da doya a ka, ga masu tallar nono a gindin mangwaro, ga titin da yanzu keke-napep ya cika amma a hoton akuya ce kwance a tsakiyarsa. Rahila ta ce ba ta yanke ko ɗaya ba, yadda kyamara ta gani haka ta sa aka wanke. Na gyaɗa kai na ce, “Haka ya dace, ai tarihi ba a yanke shi.” Wallahi ni na faɗi haka, da bakina, a lasifika.

Muka iso wajen wani bawan Allah da ya jingina da motar da kowa ya san ba tasa ba ce. Na yi dariya na ce, “Ku ga mutanenmu na da! Sai mutum ya ari kaya ya je yana yaudarar 'yan mata. Rashin wayewa ke nan.” Aka yi dariya. Na ji daɗi, na sha kwana ina ci gaba da surutu, ina kallon jama'a, bango na bayana.

Sai na ga dariyar ta canja. Wani ya toshe baki da hula. Wata mata ta dube ni, ta dubi bango, ta sake dubana. Na juya.

Hoton ya kai tsawon ƙofa. Daga ƙugu zuwa sama, ɗan Legas ne sak, wanda duk wanda ya taɓa shiga falona ya sani. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuma gajeren wandon ƙwallo ne, da ƙafafu furu-furu kamar an tsamo su daga buhun gari, da silifas wari da wari, ɗaya an ɗaure shi da waya. Jirgin nawa an ɗaure gefensa ɗaya a jikin motar doya, ɗaya gefen wani mai goro ya riƙe yana hamma. A ƙarƙashin fiffiken jirgin, tunkiya na cin ɓawon ayaba.

Na buɗe baki zan ce ai kama ce, mutum yakan yi kama da mutum. Sai ga Baba Bitrus ya dogaro sandarsa, fuskarsa cike da murna.

“Kai ne! Wallahi kai ne! Wannan yaro ta zo sau uku, ta ce jirgi bai fita da kyau ba. Ta ce, Baba, ka yanke ƙafa, yarinya zan aika wa. Yaya, an samu yarinyan?”

Na nuna Dija da hannu. Abin da nake tsoro ke nan tun farko, ba dariyar mutane ba. Matar da ta bar mai babur saboda jirgi, yau ga jirgin ɗaure a motar doya. Na saci kallonta. Ba ni take kallo ba. Ta matsa dab da hoton, ta kafa ido a kusurwar dama, inda wata mata ke zaune gaban tanda tana suyar masa, ta saki baki tana kallon saurayin mai kwat.

“Baban Ummi,” in ji Dija a hankali, “wannan ai Inna ce.”

Surukata. Mahaifiyarta. Taku uku tsakanina da ita, ni ban san ta ba a lokacin, ita kuwa ta ƙare mini kallo tun daga laktaye har silifas.

A mota kafaɗun Dija sai rawa suke, dariya na cin ta. Ta ce mu biya Abbare, gidan Inna. Na roƙe ta da girman Allah, ta ce sai mun je. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna kamar sabon ango, Dija ta miƙa mata waya ta ga hoton da ta ɗauko a zauren. Tsohuwa ta daɗe tana dubawa.

“Ayyo, tandata ce wannan,” ta ce. “Ranar da ya zo gaisuwa na gane shi. Na yi shiru, suruki ne, da kunya.”

“Inna, kika bari na aure shi?”

“Watan zafi ne fa, Dija, ana tsaye ana narkewa. Sau uku yaron nan ya zo ya sa kwat ɗin da kowa ya yi gumi a ciki. Na ce wanda ya sha wannan azaba don 'yata, ba zai gudu ya bar ta ba. Mai babur ɗin ko masa bai taɓa saya a wurina ba.”

Dija ta yi dariya har da hawaye, ni ma idona ya ciko, amma nawa ba na dariya kaɗai ba ne. Ashe duk shekarun nan ba wayona ke rufa mini asiri ba, kawaicin tsohuwa ne.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Da in ce na daina ƙarya gaba ɗaya, to na ƙara wata. Amma yanzu kafin in buɗe baki in yi kuri, sai na waiga dama da hagu na ga wace ce ke suyar masa.